Baba Kwalba da Ƙwayoyin da ke Cin Sitaci

Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na kwalejin, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Baba Kwalba, malamai suka ɗauka, daga baya har matarsa, idan tana son tsokanarsa, da shi take kiransa. Shi ke buɗe ɗakin da safe, shi ke kunna tukunyar tururin da ake dafa kayan aiki a ciki don a kashe duk wani abu mai rai da ya maƙale musu, shi ya san famfon da ke ɗiga da soket ɗin da ke jan mutum. Ɗalibai nawa ne suka zo hannunsu na rawa, shi ya kama ya nuna musu yadda ake yi, yau ga su can ana rusuna musu.

Sai hukumar kwalejin ta fito da takarda: daga ƙarshen shekara, duk ma'aikacin ɗakin gwaji da ba shi da shaidar karatu, sallamarsa za a yi. A lokacin hankalin Baba Kwalba bai tashi sosai ba, don dama shekara huɗu ke nan yana karatun ƙarshen mako, yana zama a aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Duk jarrabawa ya ci, wata da ƙyar, wata sai a karo na biyu. Aikin binciken kammalawa kaɗai ya rage masa.

Wata malama da suke kira Dakta ce ke duba aikin nasa, kuma ita ma a hannunsa ta koyi zuba faranti tun tana 'yar aji ɗaya. Abin da ta ba shi ba mai wuyar faɗa ba ne. A cikin abincin yau da kullum, shinkafa, burodi, dankali, masara, akwai ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani. Wasunsu suna fitar da wani sinadari da ke narkar da sitaci ya mai da shi sukari, kuma masana'antu na neman irinsu ruwa a jallo. Su zai nemo. Za a dafa sitaci da wani gari mai daskarewa, a zuba a farantin gilashi mai murfi, a shafa ruwan abincin a kai, a sa a akwatin ɗumi kwana biyu. Ƙwayoyin za su tsiro ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa madara. Sai a kwarara aidin. Duk inda sitaci yake zai koma baƙi mai ratsin shuɗi, amma idan wani ɗigo ya cinye sitacin da ke kewaye da shi, wurin zai tsaya fari tas, kamar zobe. Zoben nan ake nema.

Wata bakwai ya yi kafin ya tara iri shida masu zobe. Da firjin ɗakin ya lalace aka tafi da shi gyara, sai ya koma rayar da su a akwatin ɗumi, duk mako yana sauya musu sabon faranti. Ranar wata Juma'a ya sauya, ya kwashe tsofaffin ya zuba a tukunyar tururi ya dafe, ya wanke su fes kamar yadda hannunsa ya saba, ya kulle ɗaki ya tafi gida.

Litinin da safe tun daga bakin ƙofa ya ji ƙauri. Da ya taɓa murfin akwatin ɗumin sai ya janye hannu ba shiri. Abin da ke daidaita zafin ne ya maƙale, akwatin ya yi kwana biyu yana gasa abin da ke cikinsa. Farantan shida sun bushe ƙamas, sun tsattsage, sun yi launin ƙanzo.

Bai yi ihu ba. Ya jera su a kan teburi, ya ja kujera ya zauna yana kallonsu. A haka Dakta ta shigo ta same shi.

"Baba, ina na ajiyar?" ta tambaya, bayan ta ɗaga farantan ɗaya bayan ɗaya.

"Na dafe su ranar Juma'a, ranki ya daɗe. Da hannuna."

Ta ajiye farantin ƙarshe. Sannan ta ce, "Baƙon malamin da zai yi muku jarrabawa ranar Alhamis ta makon jibi zai zo. Kwana goma sha bakwai. Na san shi, ba ya yarda da hoto, sai an yi gwajin a gabansa da ƙwayar mai rai. Kuma ka san wannan ce shekararka ta ƙarshe a rajista."

"Ba za a ɗaga ba?"

"Saboda mutum ɗaya? Baba, ka fi ni sanin gidan nan."

A ranar ya fita neman abinci kamar wanda yunwa ta koro. Ya bi bayan ɗakin cin abincin ɗalibai ya kwashi ragowar shinkafa, ya roƙi mai shagon bakin titi gutsuren burodin jiya, ya tsuguna gaban mai sayar da dankali yana tsintar waɗanda suka fara ruɓewa. Matar ta ce, "Bawan Allah, in yunwa ce ka faɗa, in ba ka mai kyau." Ya ce mata ruɓaɓɓen yake so. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana.

An aro masa ƙaramin akwatin ɗumi daga wani sashen. Ya zuba faranti ashirin ranar Talata. Da ya buɗe ranar Juma'a, sai ya tarar fumfuna ta rufe su kaf, fara da kore, ta yi gashi har tana taɓa murfi. Garaje ya yi, bai tsaya ya ɗumama ruwan abincin ba kamar yadda ya saba don fumfunar ta mutu. Kwana huɗu sun tafi a banza, sitacin kwalbar kuma ya ƙare.

Ya gangara wurin Mai Sito, abokinsa ne tun suna samari, tare aka ɗauke su aiki. Mai Sito ya kife gwangwanin sitacin a kan kanta ya bubbuga gindinsa.

"Ko na sa wa a ido babu, mutumina. Na rubuta a sayo tun wata uku, shiru kake ji. Ni da za a kora nan da wata biyu, wa zai saurare ni?"

Shi ma ba shi da takarda, kuma bai yi karatun ba. Cewa ya yi kansa ya riga ya yi tauri.

Ranar Asabar Baba Kwalba ya shigo gida da rabin buhun dankali. Shi da matarsa suka zauna a bakin ƙofar kicin, ita tana ferewa, shi yana gurzawa a magogi, suna tacewa da farin ƙyalle, suna jiran farin garin ya kwanta a gindin roba. Magogin ya ci yatsunsa uku. Ta karɓe shi ta ce, "Kawo nan, Baban yara, kafin ka zuba mana jini a ciki a ce ka gano sabuwar ƙwaya."

Bai yi dariya ba. Ta dube shi ta ƙasan ido.

"Wai in ba a samu ba fa?"

"Sai a sallame ni."

"To sai me? Wanda ya tsaga baki ai ba ya hana shi abin sawa."

"Ke dai ki yi shiru!" Muryarsa ta fito da ƙarfin da shi kansa bai zata ba. "Shekarata hamsin da biyu. Wa zai ɗauke ni? Me na iya ban da wannan? Gidan nan da muke ciki na kwaleji ne, kin manta? Ranar da suka karɓi makullin ɗakin gwaji, ranar za su nemi na nan."

Ta ci gaba da gurza, sai ƙarar magogi kawai. Rabonsa da ɗaga mata murya har ya manta, amma bai iya ba ta haƙuri ba, don ji yake idan ya buɗe baki kuka zai yi.

Da sitacin dankalin ya zuba faranti talatin ranar Litinin. Wannan karon ya bi komai a tsanake. Laraba ƙwayoyi suka tsiro gwanin sha'awa, ba fumfuna ko ɗaya. Ya ɗebi kaɗan daga kowane ɗigo ya ajiye a wani farantin, don aidin yana kashe abin da ya taɓa. Sannan ya fara kwararawa. Na farko baƙi. Na biyu baƙi. Yana ɗaga kowanne saitin taga yana juyawa, ko zai ga ɗan haske ko da kamar bakin farce ne. Har na talatin, babu. A da can sai da ya yi wata biyu kafin ya ga zoben farko, ya san abin sa'a ne, amma yanzu ba shi da wata biyu. Kwana takwas gare shi.

Mai Sito ya hawo ya same shi tsaye a gaban famfo, ruwa na zuba, ba ya wanke komai. Ya kashe famfon, ya leƙa waje, ya turo ƙofa.

"Mutumina, kai fa wani lokacin kamar ba a ɗakin nan ka tsufa ba. Me ake koya wa 'yan aji ɗaya a makon farko? Ba cewa ake su tofa yawu a ruwan sitaci ba?"

Baba Kwalba ya juyo a hankali. Ya sani sarai. Yawun ɗan Adam yana ɗauke da irin wannan sinadarin, shi ya sa burodi ke yin zaƙi idan an daɗe ana taunawa.

"Ɗigo ɗaya a kan ƙwayar, ka ba shi awa biyu," in ji Mai Sito. "Zobe zai fito kamar wata ɗan daren sha huɗu. Wa zai sani?"

"Fita," in ji Baba Kwalba.

"Zan fita. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Ni dai tawa ta riga ta ƙare, taka nake ji."

A ranar ya sake zuba wasu ashirin da huɗu, da masara, da bawon ayaba, da garin fulawar da ya kankaro daga teburin masu burodi. Kwana biyun nan bai ci abincin kirki ba. Juma'a da hantsi ya fara zuba aidin. Ashirin da uku suka fito baƙi. Saura ɗaya a hannunsa, na masara, da ɗigo guda babba a tsakiya. Ya daɗe yana riƙe da shi. Ya dubi ƙofa. Ya ɗauki siririn bututun gilashi, ya kai bakinsa, ya ɗiga a kan ƙwayar, ya rufe, ya mayar akwatin ɗumi.

Bayan awa biyu ya zuba aidin, zoben ya fito, faffaɗa, fari sol. Ko cikin shidansa na gaskiya babu wanda ya taɓa yin rabin wannan.

Bai riga ya yanke shawarar abin da zai yi da shi ba sai ga Dakta ta shigo. Idonta ya sauka a kan farantin. Ta ajiye takardun hannunta, ta ɗaga shi, fuskarta ta washe irin yadda take yi tun tana ɗaliba.

"Baba! Kai, madalla! Wannan ai ya fi na da. Wallahi kwana biyun nan ko barcin kirki ban yi ba saboda kai. Daga ina?"

"Masara," ya ce.

"Ka ajiye irinsa dai ko? To Litinin mu fara awo. Wannan har rubutu za mu yi a kansa, da sunanka a sama."

Ta fita tana murna. Shi kuwa ya zauna a kan kujerar nan. Sai yanzu ya ga ramin da ya haƙa. Litinin zai sake tofawa, Talata ma haka, Alhamis kuma a gaban baƙo. In asiri ya tonu, ba shi kaɗai zai faɗa ba, har da yarinyar nan da za ta sa hannu a ƙasan aikin.

Asabar ya wuni kwance yana kallon silin. Wajen la'asar ya ji matarsa tana mita a kicin. Tun ranar dankalin maganarsu ba ta wuce gaisuwa.

"Wannan wace irin shinkafa ce? Jiya da rana fa na dafa, na manta da ita a kula. Dubi yadda ta saki ruwa, ta yi yauƙi, kamar an dama. Asara dai."

Ya ji tana jan murfin bokitin shara. Bai san lokacin da ya diro daga gado ba.

"Tsaya! Kar ki zubar!"

Ya karɓi kular. Ƙwayoyin shinkafar sun narke, sun zama ruwa-ruwa, ga wani ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a ƙarƙashin tsamin. Wani abu ne ya cinye sitacin nan cikin kwana ɗaya. Ya zura takalmi, ya rungumi kular ya nufi kwaleji da sauri, matar tana kira daga baya, "To ka dawo min da kulata!"

Faranti huɗu kawai sitacinsa ya isa. Ya zuba, ya shafa, ya rufe.

Litinin da safe ƙwayoyi sun tsiro, farare masu faɗi. Bai zuba aidin ba. Tsoro ya hana shi, don in waɗannan ma baƙi ne, bai san abin da hannunsa zai sake yi ba. Ya wuce kai tsaye ofishin Dakta, ya tsaya a gaban teburinta bai zauna ba.

"Ranki ya daɗe, farantin ranar Juma'a ba na gaskiya ba ne. Yawu na ɗiga."

Ta ɗago kai. Da farko kamar ba ta ji ba. Sai ta cire tabaronta ta ajiye.

"Me ka ce?"

Ya maimaita.

"Kai? Kai da ka sa na sake aikin mako guda saboda na goge lamba ɗaya a littafina? Ka tuna abin da ka ce min ranar?" Ta ture takardun gabanta. "Na riga na gaya wa shugaban sashe. Da bakina na ce masa Baba ya samo abin da ya fi na kowa."

"Na cuce ki. Duk abin da kika yanke daidai ne. Amma akwai faranti huɗu na shinkafa, ban taɓa su da komai ba. In kin yarda a duba, in ba ki yarda ba in kawo makulli."

"Ta yaya zan san ba ka taɓa su ba?"

Wannan tambayar ta fi masa zafi a kan duk zagin da za ta iya yi.

Ta tashi ta wuce gabansa, ya bi ta. A ɗakin gwajin ta zuba sababbin faranti da kanta, da ɗan sitacin da ta samo a wani sashen. Ta sa shi ya tsaya can jikin bango, hannuwansa a baya. Ta ɗebi ƙwayoyin da suka tsiro a farantan shinkafar ta shuka a kowane faranti, ta sa a akwatin ɗumin, ta ɗauki akwatin ɗungurungum ta kai ofishinta ta kulle.

"Laraba," ta ce, ba tare da ta dube shi ba.

Kwana biyun nan ya yi su yana wanke kwalaben da ya riga ya wanke. Mai Sito ya hawo sau ɗaya, ya ji abin da ya faru, ya dafe kai. "Ka kashe kanka, mutumina. Ga ƙoshi ka zaɓi kwanan yunwa." Baba Kwalba bai musa masa ba, don shi ma bai tabbata ba haka ba ne.

Laraba ƙarfe goma Dakta ta shigo da farantan. Ta buɗe na farko ta kwarara aidin, baƙin ya bazu ya rufe ko'ina. Na biyu haka. Baba Kwalba ya dafa teburi. Ta zuba a na uku. Baƙin ya taho daga gefe, ya taho, sai ya tsaya. Kewaye da ɗigon akwai ɗan fili fari, siriri, bai fi kaurin tsinken ashana ba. Ta ɗaga shi saitin taga ta daɗe tana dubawa, ta ɗauko rula ta auna. Na huɗu ma ya ba da irinsa.

"Milimita uku," ta ce. "Rubuta."

Ya ɗauki biro, ya tsaya yana kallon zoben. Sai da ta karɓa ta rubuta masa.

Washegari baƙon malamin ya zo, dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ga akwatin da ya ƙone, ya karanta awon da aka yi a baya, ya sa aka yi gwajin a gabansa. Ya ce iri ɗaya ya yi kaɗan, kuma rabin aikin ba a kammala ba. Ya yi wa Baba Kwalba tambayoyi na kusan awa guda, ya ga duk abin da ya shafi aikin hannu yana amsawa tun kafin a rufe baki. A ƙarshe ya ba shi maki mafi ƙanƙanta da mutum zai samu ya wuce.

Da yamma Dakta ta kira shi ofis. Takarda biyu ne a gabanta. Ɗaya shaidar cewa ya kammala, wadda zai kai wa hukuma kafin ta ainihin ta fito. Ɗayar kuma gargaɗi ce, an rubuta abin da ya yi ranar Juma'a dalla-dalla, za a sa a fayil ɗinsa.

"Shugaban sashe cewa ya yi a kai ka gaban kwamiti," in ji ta. "Na ce masa da ƙafarka ka zo ka faɗa. Iyakar abin da na iya ke nan. Kuma shekara guda ba za ka duba aikin ɗalibi kai kaɗai ba. Sa hannu a nan, Baba."

Ya sa hannu. Ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe." Ta gyaɗa kai, ta jawo wani fayil ta buɗe.

Ya iso gida ana gab da faɗuwar rana. Matarsa tana kwashe shanya, ta ga takardu a hannunsa ta saki zanin da ta ɗauko.

"An samu?"

"An samu."

Ta ɗaga hannu sama tana godiya, har da 'yar rawarta. Sai ta lura da fuskarsa, ta lura takardun biyu ne.

"Ita wannan ɗin fa ta mece ce?"

Da ya ce kwafi ce, ba za ta bincika ba. Ya jawo benci ya ce ta zauna. Ya fara ba ta haƙuri a kan tsawar da ya yi mata, sannan ya gaya mata komai, tun daga shawarar Mai Sito har zuwa tsayuwarsa a jikin bango kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ta saurara har ya gama, hannunta a haɓa.

"Yawu?" ta ce. "Da girmanka da furfurarka?"

"Yawu."

Ta girgiza kai. Sannan ta miƙe ta tattara kayan shanyar a kafaɗa.

"Wannan ta gargaɗin ka sa ta ƙasan akwati, ba sai yara sun gani ba yanzu. In sun ƙara hankali kai da kanka za ka gaya musu. Tashi ka wanke hannu, rabonka da cin abincin kirki yau kwana nawa."